Ku Zo Mu Tona Juji, Ya Ku Masu Musu

Ya ku 'yan majalisar musu! Na san kuna nan, kun harɗe ƙafa kun turo hula gaban goshi, jira kuke in buɗe baki ku ce ƙarya ne. To ku gyara zama, yau da ku nake.

Laifina bai wuce guda ba. Cewa na yi shekara 4,500 da suka wuce akwai wani birni da gidajensa suke da wurin wanka a ciki, ruwan wankan kuma ya bi ta rufaffiyar kwata ya wuce bai jiƙa wa kowa ƙafa ba. Tun daga ranar ban sha ruwa da daɗi ba. Wani ya ba ni shawarar in rage kallon fim ɗin Indiya. Wani dattijo, Allah ya ja kwanansa, ya aiko a tambaye ni ko ni nake miƙa musu soso. Abokin wasana Bazazzagi kuwa bai wahalar da kansa ba, ya ce ai Bakano ko gyaɗa zai auna maka sai ya ɗora maka labari a matsayin gyara.

Na gode, Allah ya bar zumunci. Sai dai mai maganar fim ɗin Indiya ya yi harbi a duhu ya kusa samu, don birnin a maƙwabtan Indiya yake. Mohenjo-daro ake ce masa, a lardin Sindh na Pakistan, kusa da kogin Indus. Wannan sunan mutanen yankin ne suka raɗa wa kufan. Wanda masu garin suke kiransa da shi ya tafi tare da su. An gina shi wajen shekara ta 2500 kafin Miladiyya, ya yi dubban shekaru a binne, sai a shekarun 1920 aka soma tone shi. Manyan titunansa a miƙe suke kamar da igiya aka ja su. Ginin na gasasshen bulo ne, bulon kuma awonsa ɗaya: tsawo ya ninka faɗi, faɗi ya ninka kauri. Ka tafi Harappa, wani birnin nasu mai nisan ɗaruruwan kilomita, ka ɗauki bulo ka gwada, awon bai canza ba. Alhaji mai gidan bulo, kai da kake matse buhun siminti guda har sai ya yi kuka, da fatan kana ji.

An ƙiyasta rijiyoyi wajen 700 a cikin garin. Kwatocin an rufe su da bulo ko falalen dutse, an bar wuraren da za a ɗaga a yashe. A kan tudun garin akwai wani kwamin wanka mai tsawon mita 12 da faɗin mita 7, wanda aka shafe da kwalta don kada ya yi yoyo. 'Yan kasuwarsu suna da duwatsun awo masu kusurwa huɗu, nauyinsu iri ɗaya daga wannan gari zuwa wancan, ba irin mudun nan da ake bugun gindinsa da guduma ba. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, duk tonon da aka yi ba a ci karo da fadar da za a nuna a ce ta sarki wane ce ba, ba a ga dutsen da wani ya rubuta cewa shi ya yi aikin ba. Rubutun nasu ma har yau ya gagari masana. Kwatar ce kawai ta tsaya tana ba da shaida. Mu kuwa in aka yi kwalbati ɗaya a unguwa, sai an kafa allon da ya fi kwalbatin girma, da hoton mai girma yana murmushi.

Bulon Harappa ma ya yi aikin da bai nema ba. A shekarun 1850, masu shimfiɗa layin dogo tsakanin Lahore da Multan suka kwashe shi suka zuba a ƙarƙashin dogo a madadin tsakuwa. Bulo mai shekara 4,000 ya ɗauki jirgin ƙasa bai ce uffan ba.

Yanzu ga Baba mai maganar soso. Baba, ban je ba, gaskiyarka. Amma kai ma ba ka nan ranar da aka haifi kakanka, ban kuwa taɓa jin ka yi musun an haife shi ba. Yadda ake gane shekarun ba tsafi ba ne. Gidan ƙasa in ya rushe ba a kwashe shi, baje shi ake yi a ɗora sabo a kai, shara ta taru, titi ya ɗaga. Duk wanda ya girma a tsohon gari ya san gidan da sai ka gangara kafin ka shiga zaurensa. A yi haka shekara dubu biyu ko uku, gari ya zama tsauni, in aka yanka shi sai ka ga zamani a kan zamani kamar an jera tabarmi, na ƙasa ya girmi na sama. Sannan akwai gawayi da ƙashi da ƙwayar hatsi da ake tsinta a kowane hawa. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da yake fara raguwa daga ranar da ya mutu, rabinsa yana tafiya a cikin shekara 5,730. A auna abin da ya rage, a san tsawon kwanciyar. Wani Ba'amurke, Willard Libby, shi ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi kyautar Nobel a 1960. In ka ce shi ma ƙarya yake, Baba, sai dai ku sasanta tsakaninku, ni ɗan aike ne.

Amma ku lura, ni ba da bakin sarakuna nake son kama ku ba. Sarki ya iya cika baki, marubucin fada kuma ya san inda tuwonsa yake fitowa. Shaidata a juji take, da rasidi, da wasiƙar mai jin haushi, abubuwan da ba wanda ya ajiye su don ya burge wani.

Mu leƙa kudancin Iraƙi. Akwai wani kufai da ake kira Warka, shi ne tsohon birnin Uruk. Shekara 5,000 da suka wuce mutanensa sun kai dubun dubata, ganuwarsa ta kusa kilomita 9. A nan aka samu mafi tsufan rubuce-rubucen da aka sani a wannan yanki, a kan 'yan allunan yumɓu, tun wajen 3200 kafin Miladiyya. Ku canka me suka rubuta. Waƙar soyayya? Kirarin sarki? Ina! Lissafi ne. Sha'ir kaza ya shiga rumbu, tumaki kaza sun fita, ma'aikata kaza sun karɓi rabonsu na giya, Allah ya raba mu. Wato akawu ne ya riga mawaƙi riƙe alƙalami. Gari ya yi girman da ƙwaƙwalwar mai rumbu ba ta iya riƙe bashin kowa, kuma ba wanda ya yarda da wani, sai aka ce a rubuta. Kun ga ashe ku masu musu kuna da hannu a ƙirƙiro rubutu. Da kowa mai yarda ne da har yanzu da ka muke lissafi.

Na ji wani daga baya yana cewa: to wa ya tabbatar sun iya karanta wannan tsagar kazar? Watakila Bature ne ya zauna ya shirya abinsa. Madalla da tambaya, sai dai an riga ka da shekara 160 da ɗoriya. A 1857 wata ƙungiyar masana a Landan ta yi irin wannan zargin, sai ta ɗauki rubutu guda na wani sarkin Assuriya, Tiglat-Pileser na ɗaya, ta bai wa mutum huɗu: Rawlinson da Hincks da Talbot da Oppert. Kowa ya fassara shi kaɗai, ya liƙe a ambulan ya aiko. Da aka buɗe, fassarorin suka yi daidai a kan muhimman abubuwa. Ku 'yan majalisa ku huɗu, a tambaye ku sakamakon wasan ƙwallon jiya a ɗaki daban-daban, ban tabbata za ku haɗu haka ba.

To da yake an iya karantawa, bari in gabatar muku da mutumina. Sunansa Ea-nasir, ɗan kasuwa ne a birnin Ur wajen 1750 kafin Miladiyya. Fataucin jan ƙarfe yake yi, yana saro shi daga Dilmun, inda Bahrain take a yau. Leonard Woolley, wanda ya yi tono a Ur daga 1922 zuwa 1934, ya samo wani allon yumɓu da bai fi tafin hannu ba, an cika shi da rubutu gaba da baya har gefe, alamar mai maganar ya ƙule wuri ya yi masa kaɗan. Wasiƙa ce daga wani mai suna Nanni. Ƙorafinsa shi ne: an yi masa alkawarin kaya mai kyau, da ɗan aikensa ya je sai aka zube masa tarkace a gaba aka ce in zai ɗauka ya ɗauka, in ba zai ɗauka ba ga hanya. Ya aika mutane a karɓo masa kuɗinsa, an dawo masa da su hannu rabbana, alhali ta ƙasar abokan gaba suka ratsa. Ya tambaya, duk cikin fataken Dilmun wa ya taɓa yi masa irin wannan wulaƙanci? Ya kuma yi gargaɗi cewa daga yau da kansa zai riƙa zaɓar kayan ɗaya bayan ɗaya a tsakar gidansa. A tsakiyar faɗan har ya amsa cewa shi ma ana bin sa 'yar azurfa, amma ai wannan ba ta kai a yi masa haka ba.

Ku faɗa mini tsakani da Allah, wane mai ƙirƙirar tarihi ne zai zauna ya ƙirƙiro wannan? Mai ƙarya zinariya yake ƙirƙirowa da dawaki dubu. Wannan kuwa muryar mutumin da aka cuta ce, irin wadda za ka ji gobe da safe a kowace kasuwa. Kuma ba ita kaɗai ba ce. A gidan da aka same ta an samu wasu wasiƙun daga wasu mutanen, su ma suna cigiyar jan ƙarfensu. Bawan Allahn nan tara su yake yi a ɗaki. Ko don shari'a ne, ko don nishaɗi in ya ci tuwon dare, oho. Allon yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan, duk mai shakka ya je ya gani, kuɗin jirgi dai nasa ne.

A daidai wannan zamanin Hammurabi yake sarautar Babila, birnin da sunansa ya zo a Suratul Baƙara, wanda kufansa yake kimanin kilomita 85 kudu da Bagadaza. Ya sa an sassaƙa dokoki wajen 282 a jikin wani baƙin dutse da ya fi mita 2 tsawo. An gano dutsen a 1901 a Susa ta ƙasar Iran, inda wasu mayaƙa suka kai shi ganima, yanzu yana Faris. A ciki akwai dokar magina: in magini ya yi wa mutum gida, gidan ya rufta ya kashe mai shi, a kashe maginin. In bango ya tsage, ya gyara da kuɗin aljihunsa. Ba a yin doka a kan abin da ba ya faruwa. Ashe ɗan kwangila mai cin rodi tsohon iri ne, rodin ne kawai sabo.

Yanzu bari in ba ku naku, kada ku ce na cika son kai. Akwai inda musunku ya yi rana. Herodotus, Bagirken nan da ake kira uban tarihi, ya ce kewayen ganuwar Babila ya kusa kilomita 90, da ƙofofi 100 na tagulla. Da Bajamushe Robert Koldewey ya shafe 1899 zuwa 1917 yana tono, sai ga ganuwar waje ba ta kai kilomita 20 ba, ta ciki kuwa ƙofa 8 gare ta. Lambun nan da aka ce yana rataye a sama, wanda ake lissafawa cikin abubuwan al'ajabi bakwai na duniya, har yau ba a ga tabbataccen wurinsa a Babila ba. To kun ci wannan. Ku tafa. Amma ku lura da wanda ya kama uban tarihin da ƙari: mai shebur ne, ba mai harɗe ƙafa a benci ba. Kuma abin da ya rage bayan an zubar da ƙarin ba kaɗan ba ne. Ƙofar Ishtar, mai shuɗin bulo da hotunan bijimai da dodanni, tana tsaye a gidan tarihi a Berlin. Nebukadnezzar na biyu, wanda ya yi mulki daga 605 zuwa 562 kafin Miladiyya, ya sa an buga sunansa a jikin bulon gine-ginensa. A shekarun 1980 Saddam Husaini ya sake ɗora gini a kan kufan, shi ma ya sa aka buga nasa. Ɗazu na zolayi masu allon kwalbati, ashe gado suka yi.

Ninawa, garin da ake dangantawa da Annabi Yunus, alaihis salam, tana tsallaken kogi daga Mosul. Ganuwarta kilomita 12, ƙofa 15. Sarki Sennakerib ya janyo mata ruwa daga duwatsun arewa, inda hanyar ruwan ta iske kwari a Jerwan sai ya sa aka yi mata gadar dutse ta haye. A 612 kafin Miladiyya abokan gaba suka cinna wa garin wuta. Wutar da aka sa don a shafe sunansu ita ta gasa allunan yumɓun ɗakin karatun Sarki Ashurbanipal suka yi tauri, aka tsinci guntaye sama da 30,000. Maƙiyi ya zo ɓarna ya yi aikin mai tukwane.

Sai kuma ɗaya ɓangaren majalisar, waɗanda ba sa musun ginin, mai ginin suke musu. Su a wurinsu dalar Masar da manyan gine-ginen Luksor aikin aljanu ne, ɗan Adam ba zai iya ba. Malam, ni ban musa akwai aljanu ba, Allah ya tsare mu da sharrinsu. Tambayata ɗaya ce: aljani yana yajin aiki? Domin a ƙauyen ma'aikata na Deir el-Medina, a tsallaken tsohon birnin Tibis wanda yake Luksor a yau, masu sassaƙa kaburburan fir'aunoni sun yi. A shekara ta 29 ta mulkin Ramses na uku, fiye da ƙarni 11 kafin Miladiyya, hatsin da ake biyansu albashi da shi ya makara. Suka ajiye guduma, suka wuce masu gadi, suka je bayan wani wurin bauta suka zauna dirshan suka ce yunwa suke ji. Takardar da magatakarda ya rubuta labarin tana Turin ta Italiya. Akwai kuma wani falalen dutse daga ƙauyen, na zamanin Ramses na biyu, rajistar masu fashin aiki ce, kowa da uzurinsa. Wannan ciwon ido, wannan yana dafa giya, wannan yana hidimar gawar ɗan'uwansa, wannan kunama ta harbe shi. Ma'aikacin gwamnati da ke karanta wannan a ofis ranar Litinin, in ma ya zo, ga sabon uzuri nan kyauta. Dalar Giza ma an samu takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer a 2013, a Wadi al-Jarf bakin Bahar Maliya, yana rubuta yadda tawagarsa take jigilar farin dutse a jirgin ruwa daga Tura zuwa wurin ginin, yau an yi lodi, gobe an kwana a hanya. Aljanin da zai jira jirgi ya cika kafin ya tashi, ai wannan sai a kai shi asibiti.

Rum kuwa, wato birnin Roma, ba don kada a ce na yi rashin kunya ba da na ce duk wanda ya taɓa zaman haya a babban gari ɗan can ne. A zamanin Sarki Augustus mutanenta sun kai wajen miliyan guda. Talakawa a benayen haya suke, masu gidaje suna ta ɗora hawa a kan hawa har sai da Augustus ya ƙayyade tsayin gini kada ya wuce kimanin mita 20. Cicero, babban lauyan nan mai iya zance, yana da gidajen haya. Ya rubuta wa amininsa cewa shagunansa biyu sun rushe, sauran sun tsattsage, ba 'yan haya kaɗai ba har ɓeraye sun yi ƙaura. Da raha ya faɗa, irin rahar mai gidan da ba a ciki yake kwana ba. Cunkoso ya sa aka hana yawancin amalanke shiga gari da rana, sai suka koma shiga da dare, barci ya gagari kowa. Gobara ta yi yawa har aka kafa 'yan kwana-kwana a shekara ta 6 Miladiyya.

Ruwan sha ta dogayen hanyoyi yake zuwa daga duwatsu, ta farko an yi ta a 312 kafin Miladiyya, daga baya suka kai 11. A shekara ta 97 Miladiyya aka naɗa wani mai suna Frontinus shugaban hukumar ruwa. Mutumin kirki, ya ce bari ya auna abin da yake shigowa da abin da yake isa. Lissafi ya ƙi fita. Da ya bi sawu sai ya tarar an huda bututu ta ko'ina ana jan ruwa zuwa gidaje da shaguna da gonaki, kuma da haɗin bakin ma'aikatan ruwan. Kai mai jan layi ta bayan mita, kada ka ɗauka kai ka fara, kakanninka a sana'a da harshen Latin suke magana. Sarki Vespasian kuwa har fitsarin da masu wanki da majema suke tarawa don aikinsu sai da ya sa wa haraji. Ɗansa Titus ya nuna ƙyama, uban ya kai masa kuɗin hanci ya tambaye shi ko ya ji wari.

Ga kuma jujin da na yi muku alkawari tun a take. A cikin Roma akwai wani tudu, Monte Testaccio, tsayinsa wajen mita 35. Ba dutse ba ne, ba ƙasa ba ce. Fasassun tulunan man zaitun ne zalla, an ƙiyasta sun kai miliyan 53, yawancinsu daga kudancin Sifen aka kawo su. A jikin da yawa akwai rubutun nauyin man da sunan ɗan kasuwar da alamar jami'in da ya duba. Marubuci yana iya ƙara sifiri a yawan mutanen gari. Amma wa zai fasa tulu miliyan 53 don ya yaudari Bazazzagi?

Na san inda za ku ɓullo yanzu, don na ga Hajiya tana gyara mayafi. Za ta ce duk wannan can ne wajen farar fata, mu nan sai da aka zo aka koya mana. Hajiya, a yi haƙuri, wannan musun ya fi sauran ciwo, don kanki kike yi wa. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan su ba ki labarin Meroe, kimanin kilomita 200 arewa da Khartum, babban birnin daular Kush na ƙarnuka da dama har zuwa wajen 350 Miladiyya. Dalar da ke Sudan ta fi ta Masar yawa. Kawunan da yawa daga cikin na Meroe a gutsure suke, wani ɓangare na ɓarnar kuwa aikin wani Ba'italiye ne, Ferlini, da ya zo neman zinariya a 1834. Garin maƙera ne, tsibin kashin maƙera har yau yana nan, layin dogo ma ta cikin wani ya ratsa. Suna da rubutunsu na kansu. Kuma mata suna sarauta, ana ce musu kandake. A zamanin ɗaya daga cikinsu, wajen 25 kafin Miladiyya, mayaƙan Kush suka kai hari kudancin Masar da ke hannun Rumawa, suka cire kan mutum-mutumin Augustus na tagulla, suka kawo gida suka binne a ƙarƙashin matakalar wani wurin bauta, duk mai shiga ya taka. A nan aka tono shi a 1910, idanunsa a buɗe. Mai miliyan guda a birninsa ya yi shekara fiye da 1,900 a ƙarƙashin tafin ƙafar mutanen wata mace. Hajiya, ko yanzu ma kya ce ba mu iya ba?

Kusa da mu ma akwai Jenne-jeno a Mali, tafiyar kilomita 3 daga Jenne ta yau. Da can masana da yawa sun tafi a kan cewa Afirka ta Yamma ba ta san birni ba sai da fataken Larabawa suka ratso Sahara. A 1977 Roderick da Susan McIntosh suka soma tona tudun, sai ga shi an zauna a wurin tun wajen 250 kafin Miladiyya, ana noman shinkafar gida, ana kamun kifi, ana ƙira da tamar da ake kawowa daga nesa. Wajen 800 Miladiyya garin yana da ganuwar tubali mai kewayen kusan kilomita 2. Masanan ma 'yan majalisar musu ne, bambancinku da su shi ne da aka nuna musu tsingaro sun sauke hula.

Saura tambayar ƙarshe, wadda Bazazzagina yake ɓoye da ita a aljihu tun ɗazu: in har sun iya haka, ina suke? Kowanne da abin da ya ci shi. Ur kogin Furat ne ya sauya hanya ya bar ta a tsakiyar hamada, garin fatake ba jirgi. Ninawa wuta. Mohenjo-daro a hankali ta lalace bayan 1900 kafin Miladiyya, gine-ginen ƙarshe na kwaskwarima ne da tsohon bulo, kwatocin ba mai yashewa. Jenne-jeno ta watse wajen 1400, maƙwabciyarta ta gaje ta. Roma ba ta mutu ba, amma ta rame har mutanenta suka koma 'yan dubun dubata, dandalin da su Cicero suke zuba zance ya zama makiyaya, har ana kiransa filin shanu. Fulani ku ji, ashe har can an san daɗin fili.

Kai kuma Bazazzagi, ba sai ka nemi biza ba. Kafin kakanninka su tare a Zariya, a Turunku suka zauna, ga kuma Kufena nan a bayan gidanku. Ranar Asabar ka ɗauki Baba mai soso a bayan babur, ku je ku dubo ragowar ganuwar, ku dawo ku gaya mini aljanin da ya kwaɓa ƙasar. In kun dawo ku biyo ta Kano, akwai gyaɗa, gyaran ma na nan.